Abin Shan Biki a Lokacin Bazara: Me Za a Saya, Kuma Nawa?

Duk wanda aka sa masa ranar biki tsakanin watan Maris da Mayu, a garuruwa irin su Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ya kamata ya san cewa abin sha zai fi abinci muhimmanci a wurin baƙinsa, domin a wannan lokaci zafin rana kan kai digiri 40 har ya haura, kuma mutumin da ya tsaya a ƙofar masallaci har aka shafa fatiha ba shinkafa yake fara nema ba. Duk da haka, yawancin iyalai sukan ƙare shawara a kan kayan lefe da ɗinki da wurin taro, sai ana saura kwana biyu a tura wani yaro kasuwa da kuɗi a ce ya sayo lemo.

Lissafin yana farawa ne daga yawan mutane, ba daga yawan katin gayyata ba. Idan an raba kati 300, a shirya wa mutum 400, saboda kowace uwa da 'ya'yanta za ta zo, kuma 'yan gayyar soɗi ba sa fashin biki. A ganina, a irin wannan zafi kowane baƙo yana bukatar aƙalla lita ɗaya ta ruwa, sannan rabin lita na wani abu mai zaƙi. Ledar ruwa guda rabin lita ce, jaka kuma tana ɗauke da leda 20, saboda haka mutum 400 za su sha leda 800, wato jaka 40. Wannan na zama ɗaya ne kawai. Idan akwai kamu da yinin biki da walima, kowanne da nasa lissafin, kuma yinin mata ya fi cin ruwa, domin tun hantsi ake taruwa ba a watsewa sai bayan magariba.

Lemon kwalba shi ne abin da kowa ke fara tunani, kuma ba shi da wahalar ƙirgawa, tun da kiret ɗaya kwalba 24 ne, na roba kuma yawanci 12 ne a ƙunshi. Amma yana da tsada, ba ya kashe ƙishirwa, kuma da zarar ya huce babu mai marmarinsa. Maltin gwangwani a ajiye wa dattawa da surukai, domin ba zai ishi ko rabin taro ba sai an yi rigima. Kunun aya kuwa, duk daɗinsa, ba abin biki ba ne a bazara: a haɗa shi da safe, kafin la'asar ya fara tsami yana kumbura gora.

Ruwan inabi marar barasa, irin su Eva da Pure Heaven da Veleta, ya zama ado a teburin dina, kuma a matsayin ado ya kamata a saye shi. Kwalbar santilita 75 ce, tana cika ƙananan kofuna kamar 6, don haka kwalba biyu sun ishi teburin mutum 10, kowa ya ɗanɗana. Dinar da ke da tebur 20 tana bukatar kwalba 40, kuma idan katan mai ɗauke da 12 aka samu, katan huɗu sun isa har a rage 8 domin teburin ango da amarya da manyan baƙi. Wanda ya sayi fiye da haka, ƙarshenta a jakunkunan mutane zai ga kwalaben suna fita.

Abin da na fi ba da shawara a dogara da shi shi ne zoɓo, kuma ba don arha kaɗai ba. Zoɓo amfanin gonarmu ne. Ana noma shi sosai a Jigawa da Kano da Katsina, kuma a kasuwar Dawanau ake loda shi zuwa ƙasashen waje, har Meziko, inda su ma suke shan sa da sanyi. Tsaminsa yana kashe ƙishirwa ta hanyar da lemon kwalba ba ya iyawa, yana jure zafi fiye da kunun aya, kuma mai biki shi ke da iko a kan yawan sukarin da za a zuba, har ma a ware wani kaso marar sukari domin masu ciwon suga, waɗanda ba a cika tunawa da su a biki ba. A zaɓi busasshen zoɓo mai duhun ja, wanda idan aka matsa shi a hannu zai yi ƙaras-ƙaras, ba mai laushi da warin danshi ba. A wanke shi sosai saboda yashi, a tafasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace da kyalle mai tsabta, sannan a bar shi ya huce kafin a sa sukari a ɗura. Mutum 400 a kan rabin lita kowanne, lita 200 ke nan, wato jarka takwas mai cin lita 25. Wannan aiki ne na mata biyu ko uku a yini guda, ana gobe biki, idan akwai manyan tukwane da itace. Idan za a ba mai sana'a kwangila, a sa ta haɗa ɗan kaɗan a ɗanɗana tun da wuri, a kuma yi yarjejeniya a kan girman gora, domin akwai mai santilita 35 akwai mai 50, kuma a ido ba kowa ke bambance su ba.

Sanyi shi ne inda biki ke gyaruwa ko ya ɓaci, kuma a nan ne na taɓa ganin takaici. A bikin wata 'yar uwata an biya mai ƙanƙara kuɗinsa cif tun ana saura mako guda, ranar biki ya ce wuta ba ta samu ba, ya turo ledoji masu ruwa da ɗan dunƙulen ƙanƙara yana yawo a tsakiya, aka raba wa surukai lemo mai ɗumi kamar shayi. Tun daga nan ba na yarda a biya mai ƙanƙara gaba ɗaya, ba na kuma yarda a dogara da mutum ɗaya. A raba cinikin gida biyu, a tabbatar mai injin yana da janareta ko sola, a kuma daskarar da rabin gorunan zoɓon su kansu, domin su ne za su riƙe sanyin sauran a cikin kula har yamma.

Sai maganar jabu, wadda ta fi duk abin da ya gabata nauyi. A watan Maris na 2021 mutane sun rasu a Kano, ɗaruruwa kuma suka kwanta asibiti, bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓatattun garin lemo da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami, kamar yadda NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta bayyana. Saboda haka kada a yarda a zuba wa zoɓon biki wani gari da ba a san asalinsa ba. Idan ana son ƙarin tsami, ga lemon tsami ga tsamiya. Kada kuma a yarda da tsofaffin gorunan da yara ke tsintowa a bola da bakin asibitoci. Akwai sababbi a kasuwa masu murfin da ke yin ƙara idan an buɗe shi karon farko, kuma kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Ruwan inabin kwalba ma bai tsira ba. A Disambar 2023 NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, ta rufe shaguna masu yawa inda ake ɗura jabun ruwan inabi da lemo a tsofaffin kwalabe, kuma irin waɗannan kaya ba a Aba kaɗai suke ƙarewa ba. Mai saye ya je wurin babban dila da ke da shago tsayayye, a kasuwar Singa ko makamanciyarta, ya sa a buɗe katan a gabansa, ba kwalbar da aka ajiye a kan kantar shago domin nuni kaɗai zai duba ba. Ya duba lambar NAFDAC, ya shafa ranar ƙarewar wa'adi da yatsa ko za ta goge, ya lura ko an liƙa wata takarda a kan ta asali, ya ɗaga kwalbar a haske ko akwai gurɓi a ƙasanta, ya gwada tsayin ruwan kwalabe biyu ko uku, domin na kamfani daidai suke tsayawa. Ya kuma karanta takardar da kansa ya tabbatar babu barasa a ciki, saboda kwalaben masu barasa da marasa ita kamanninsu ɗaya, kuma yaron shago ba lallai ne ya san bambancin ba. Lemon roba da aka jibge a rana a bakin titi, ko wanda aka karya wa farashi fiye da kima ana cewa ragowar kaya ne, a bar wa mai shi. Kafin a biya, a nemi rasit, a kuma yi magana da dila cewa duk katan ɗin da ba a buɗe ba zai karɓe shi bayan biki. Wanda ya ƙi amincewa da wannan sharaɗi, a matsa shago na gaba.