Gidan burodin ƙauyen Faransa ko gidan shayin ƙauyen Ingila?

Anti, kin ce hutun bana za ku bi ta Faransa da Ingila ke da yara, wanne ya fi a tsaya a ƙauye a ɗan ci wani abu. To gaskiya ba tafiyarsu ɗaya ba.

Na Faransa, boulangerie suke ce masa, wurin saye ne ki ƙara gaba, yawanci ko kujera babu, in kofi kike so sai ki nemi kafe a kusa. Amma burodin kam ba a magana. Tun 1998 doka ta hana mutum rubuta boulangerie a ƙofarsa sai in a nan ake kwaɓin a nan ake gashin, kuma in kika ce a ba ki baguette de tradition to fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, bai taɓa shiga firiza ba, dokar 1993 ce ta tsara haka, har ma UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar cikin al'adun gado a 2022. Ki je da sassafe yana da ɗuminsa, ɓawon na ƙaras-ƙaras cikin kuma laushi, kuɗin yuro ɗaya da 'yan canji. Don Allah ki fara cewa bonjour kafin ki nuna komai, rashin gaisuwa na ɓata musu rai sosai. Da yawa suna kullewa wajen ɗaya na rana sai uku ko huɗu, wasu Litinin ma ba sa buɗewa.

Ingila kuwa zama ake yi. In kun gangara Devon ko Cornwall ki ce cream tea, za a kawo butar shayi da scone, wani ɗan dunƙulallen burodi mai kama da kek, da jam da wani kirim mai kauri da ake lakatowa da cokali, 'yan Devon kirim suke fara shafawa 'yan Cornwall kuma jam, har gardama suke a kai. Sai dai ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma gidajen shayin sun tashi, sannan wurare da dama ana shiga da karnuka, sai ki ga kare kwance ƙarƙashin tebur, in yaran na tsoro ki leƙa tukunna.

Abin da ya fi damuna shi ne alade, ki kula wallahi. A Faransa quiche lorraine da jambon-beurre duk da alade, baba au rhum kuma giya ake jiƙa shi da ita. A Ingila ki guji sausage roll da lardy cake, kuma duk abin da aka naɗe da kwaɓin fulawa ki tambaya bota aka sa ko kitsen alade. Cornish pasty naman sa ne amma ba yankanmu ba.

Da ni ce, tunda da yara, zaman shayin yamma a Ingila zan yi, burodin safe kuma a Faransa in saya mu nemi inuwa mu zauna. Ki riƙe tsabar kuɗi a jaka, wasu ƙananan shagunan ba sa karɓar kati in cinikin bai taka kara ya karya ba.