Fadar Sarkin Tailan ko Wat Pho: ina ya fi dacewa ka kashe kuɗinka a Bankok?

Mai zuwa Bankok sarin kaya ko ganin likita ba ya rasa rabin yini na hutu, kuma wurare uku ake yawan nuna masa a bakin kogin Chao Phraya: Babbar Fada, da gidajen ibadar mabiya addinin Buda guda biyu, Wat Pho da Wat Arun. Suna kusa da juna, amma kuɗin shiga da wahalarsu ba ɗaya ba ne.

Fadar ta fi tsada, baht 500 (kuɗin Tailan) ga baƙo. Sarki Rama na Ɗaya ne ya fara gina ta a 1782 da ya mayar da babban birni Bankok, kuma a harabarta ne gidan ibadar Wat Phra Kaew yake, don haka tikiti ɗaya ya wadatar. Mutum-mutumin Buda da ake tururuwar gani a ciki ƙarami ne, tsayinsa kamar santimita 66, na koren dutse, an ɗora shi can sama a kan karagar zinariya. Sau uku a shekara ake sauya masa tufafi, na zafi da na damina da na sanyi, kuma aikin sarki ne ko wakilinsa. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin. Abin da ya fi cin kuɗinka a ganina yana waje: zanen labarin Ramakien, tsohuwar almarar Tailan, da ya zagaye bangon farfajiya, da ginin Chakri Maha Prasat na 1882, jikinsa na Turawa, rufinsa na Tailan. Yawancin ɗakunan fadar a rufe suke, kada ka sa rai za ka leƙa turakar sarki.

Matsalarta cunkoso da rana. Ana buɗewa ƙarfe 8:30 na safe, a daina sayar da tikiti 3:30 na yamma. Wanda ya kai hantsi bai iso ba zai sha turereniya da ayarin 'yan yawon buɗe ido. Masu gadi ba sa wasa da sutura: ba gajeren wando, ba riga mai nuna kafaɗa. Mai kaftani da mai abaya sun wuce salin-alin, sai dai a cire takalmi da hula a ƙofar ɗakin ibada, kuma in an zauna kada a miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin. Ba mai tilasta maka rusunawa.

Wat Pho kuwa baht 300 ne, tafiyar minti goma a ƙafa daga fadar. A nan ne Buda yake kishingiɗe, tsawonsa mita 46, an lulluɓe shi da ruwan zinariya tun zamanin Rama na Uku. A gefensa akwai ƙoƙunan tagulla 108 da mutane ke jefa tsabar kuɗi a ciki, ƙarar tana bin ka har ka fita. Akwai inuwa, akwai wurin zama, ga makarantar tausar gargajiya. Mai tafiya da tsoho ko yara ƙanana, nan ya fi masa.

Wat Arun na tsallaken kogi, baht 200, ana hayewa da jirgin fito daga mashigin Tha Tien. Hasumiya ce da aka ƙawata da fasassun tangaran. Daga wannan gaɓar ma ana ganin ta tsaf, in lokaci ya ƙure.

Batun ɗan jagora, fadar ce kaɗai ta cancanci a biya, domin zanen bangon ba ya fahimtuwa sai da mai bayani. Ku yi ciniki kafin ku shiga. Amma duk direban tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, da ya tare ka ya ce "an rufe fada yau", ya yi maka tayin zagaye da araha, shagon gwala-gwalai ko na tela zai kai ka. Je ƙofa ka gani da idonka. Jirgin ruwa zuwa mashigin Tha Chang ko jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Sanam Chai sun raba ka da shi.

In safiya guda gare ka, fara da fada da sassafe, ka gangara Wat Pho kafin azahar, ga masallacin Chakraphong a unguwar Banglamphu ba nisa. In awa biyu ce kawai, ka bar fadar, Wat Pho ta ishe ka.