Ɗan jagoran kallon tsuntsaye a Bonkro ya ci kuɗinsa

Duk wanda ke Kumasi yana son ganin tsuntsun nan Picathartes mai farin wuya, ya nufi ƙauyen Bonkro da ke kudu da birnin, ya ɗauki ɗan jagora. Ni dai na gamsu. Duk duniya ba a samun tsuntsun sai a kurmin Gini, Saliyo, Laberiya, Kodebuwa da Ghana. A Ghanar ma an daɗe ana zaton ya ƙare, sai a 2003 aka sake ganinsa.

Da la'asar muka hau tudu, gumi sharkaf. Jagoran ya zaunar da mu gaban wani ƙaton dutse, ya nuna mana sheƙunan laka manne a jikinsa, ya ce ko tari kada wanda ya yi. Can sai ga tsuntsun yana tsalle daga reshe zuwa dutse: kai sanƙo, rawaya, da baƙin tabo kowane gefe, ga doguwar wutsiya. Ko kallo ba mu ishe shi ba.

Inda jagoran ya gaza, bai gaya mana sai duhu ya yi za mu sauko ba. Ka riƙe tocila, ka sa takalmi mai kama ƙasa, don silifas zai kunyata ka.