Wata takwas ina rubutu a kan reMarkable 2, ga yadda na same shi

Ni dai mutum ne mai yawan rubutu da hannu. Da safe koyarwa nake yi, da yamma ina zuwa karatun digiri na biyu, bayan magariba kuma akwai karatun zaure da muke yi a unguwa, kowanne da littafinsa, jakata kullum cike take da litattafan rubutu uku huɗu kuma ranar da na tashi neman wani abu da na rubuta wata biyu baya sai in tarar littafin yana gida ko kuma ya cika na ajiye shi a kwali. Shi yasa da ɗan'uwana zai dawo daga Ingila na haɗa kuɗi na ce ya taho min da reMarkable 2, wato allon lantarki da ake rubutu a kansa da alƙalami. Wani kamfani ne na ƙasar Norway yake yinsa, tun 2020 ya fito, kuma shi da alƙalaminsa sun tasar ma dala 400, wanda duk wanda ya san yadda naira take yanzu ya san ba ƙaramin abu na yi ba.

Duk mai sha'awa ya fara sanin wannan tukuna, ba irin kwamfutar hannu da muka saba gani ba ce. Babu WhatsApp a ciki, babu Facebook, babu YouTube, ba ka kallon bidiyo, kala ma babu sai baƙi da fari. Rubutu ne kawai da karatu. Ranar da Hajiyarmu ta gan shi a hannuna ina rubutawa ina gogewa cewa ta yi ashe allo ka sayo, kuma wallahi har yau ban samu sunan da ya fi wannan dacewa da shi ba, allo nake ce masa nima.

Fuskarsa inci 10.3 ce, kaurinsa milimita 4.7, nauyinsa wajen giram 400, ka ga bai kai littafin rubutu mai kauri ba ma. Amma inda ya kama ni shi ne jin rubutun. Na taɓa gwada rubutu da alƙalami a kan gilashin waya, santsi yake yi hannu na zamewa, wannan kuwa fuskar tana da ɗan kaushi kaɗan, bakin alƙalamin yana ɗan kamawa har kana jin ƙarar nan ta fensir a kan takarda, kuma layin yana bin hannunka nan take ba sai ka jira shi ba. Rubutuna na asali ne yake fitowa, yadda nake lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ haka suke zama. Kuma abun da ya fi faranta min rai, a karatun zaure da ajami nake rubuta fassarar malam, daga dama zuwa hagu da wasullansa da komai, allon nan bai damu da wane harshe kake rubutawa ba tunda shi tawada kawai ya sani. Matanin littafin da muke karantawa na saka shi a ciki a matsayin PDF, malam yana fassara ina rubutawa a gefen shafi kamar yadda ɗalibai suke yi tun da can a takarda, in na yi kuskure in juya alƙalamin in goge da bayansa. Nawa mai magogi ne a baya, akwai wanda ba shi da shi ya fi araha, kuma duka biyun ba a yi musu caji.

Maganar caji kuwa nan ne ya dace da ƙasarmu sosai. Irin wannan fuska wasu ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a ciki, lantarki ke tura su sama ko ƙasa su fitar da rubutu, da zarar sun zauna shike nan ba sa cin wuta sai za ka canza shafi. Kamfanin sun ce batirin yana kai sati biyu, ni da nake rubutu kullum yana min kwana goma zuwa sama in na kashe wayifai. An taɓa ɗauke mana wuta kwana huɗu, waya ta mutu, kwamfuta ta mutu, da allon nan na gama shirya darussan satin gaba ɗaya. Da cajar waya mai bakin USB-C nake cajinsa. A rana kuma ba a magana, ka zauna a ƙarƙashin bishiya da azahar cikin hasken nan namu mai ƙarfi rubutun sai ƙara fitowa yake yi, ido ba ya gajiya.

Amma fa ba shi da fitila a ciki, haka aka ƙera shi, in duhu ya yi sai ka kunna tocila ko fitilar sola kamar dai littafi. Wanda yawancin karatunsa da dare ne gara ya duba Kindle Scribe da Amazon suka fitar a 2022, shi yana da haske, ko Paper Pro na su reMarkable ɗin da ya fito a 2024 mai kala da haske amma ya fi tsada sosai. Akwai kuma na Boox masu Android da ake saka manhajoji, ni dai da gangan na guje su, don na san in manhaja ta shiga to abun da na gudo daga waya shi zai biyo ni.

Kuma nan ne ainihin amfanin da na gani. Da in na ɗauki waya zan duba wani fayil na makaranta sai saƙo ya shigo, daga nan sai wani, kafin in farga rabin awa ta tafi ban karanta layi biyar ba. Yanzu ina turo takardun bincike daga waya zuwa allon ta manhajarsu, in kife wayar a ɗaki in fito tsakar gida, awa biyu cur ina karatu ina jan layi ina rubutu a gefe ba abun da yake katse ni. Babin farko na kundin digirina da hannu na rubuta shi a nan daga farko har ƙarshe. Kowane aji da nake koyarwa na buɗe masa jakarsa ta ajiye rubutu a cikin allon, miting ɗin malamai da tasa, lissafin cefanen gida ma da tasa, kuma wajen ajiyarsa gigabait 8 ne har yanzu ban ci rabi ba.

Yana iya mayar da rubutun hannu ya koma na bugawa in akwai intanet, da Turanci yana yi min daidai gwargwado, Hausa kuwa ba ta cikin harsunan da aka saka masa, saboda haka abun da na rubuta da Hausa da hannuna nake barinsa in zan tura wa wani sai in tura shafin yadda yake. Ina fatan wata rana a saka ta, mu ma muna da yawa.

Sai bakin alƙalamin, yana cinyewa a hankali kamar fensir saboda kaushin fuskar, akwai na canji da suke zuwa a kwalin amma mai danna hannu irina zai cinye su da wuri, kuma na zaga kasuwar waya ban ga mai sayar da su ba, sai dai saƙo daga waje. In za ka yi oda ka haɗa da fakiti ɗaya ko biyu tun farko, da riga mai tauri don fuskar ba ta son a danne ta a jaka, lokacin hunturu kuma ka riƙa share ƙura da ƙyalle mai laushi kafin ka fara rubutu.

Ɗalibin da kuɗinsa na abu ɗaya ne kawai ya sayi kwamfuta tukuna, ita zai fi buƙata, wannan ba zai maye gurbinta ba. Amma malami ko lauya ko mai bincike ko ɗalibin ilimi da yake cika littafin rubutu duk wata, in da hali ya saya, ni nawa ko masallacin Juma'a zan je in akwai karatu bayan salla yana cikin jakata.