Imel mai kulle yana da daɗi, har ranar da ka manta kalmar sirri

Wata takwas ke nan da na kwashe imel, kalanda da fayiloli daga wajen masu bayarwa kyauta, na kai su wajen ɗaya daga cikin kamfanonin da ke kulle bayanai. Da a wata na biyu aka tambaye ni, cikakken maki zan ba su. Babu talla a gefen akwati, ana tare ƙananan hotunan nan da 'yan kasuwa ke cusawa cikin saƙo don su san ka buɗe, kwaso tsofaffin saƙonni ma bai ba da wahala ba. Yanzu makin ya ragu, kuma abu guda ne ya fara rage shi: sake kalmar sirri.

A imel ɗin da muka saba, in ka manta kalmar sirri sai a turo maka lamba ta waya, ka saka sabuwa, ka iske komai yadda ka bar shi. Hannu ya riga ya saba, shi ya sa mutum yake danna maɓallin mantuwa ba tare da ya tsaya tunani ba. A akwati mai kulle abin ya sha bamban. Kowane asusu yana da mabuɗi biyu, na fili wanda ake kulle saƙo da shi da zarar ya shigo, da na sirri wanda shi kaɗai ke buɗewa. Na sirrin yana ajiye a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, amma shi ma a kulle yake, kalmar sirrinka ce ke buɗe shi a cikin na'urarka, kamfanin kuwa bai san kalmar ba. To idan ka sake ta ta lambar waya ko ta imel ɗin ko-ta-kwana, iyakar abin da za su iya shi ne su tabbatar kai ne, su buɗe maka ƙofa, a ƙera maka sababbin mabuɗai. Tsohon mabuɗin yana nan ɗaure da tsohuwar kalma. Sai ka shiga akwatinka, ga jerin saƙonni, ga sunan wanda ya aiko, ga kwanan wata, ka danna ɗaya a ce maka ba ya buɗuwa. Kalanda da fayiloli ma haka, domin duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Abin da na tarar ke nan, saƙonnin shekara tara ina ganin su ba na iya karanta ko layi ɗaya.

A nan akwai bambancin da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe. Canza kalmar sirri alhali kana cikin asusun kuma kana riƙe da tsohuwar ba shi da haɗari, domin manhajar za ta buɗe mabuɗin da tsohuwa ta sake kulle shi da sabuwa. Sake ta bayan mantuwa shi ne mai kulle komai. Gargaɗin yana nan, ban ce babu ba, amma 'yan layuka ne a shafin da mutum ke kai wa cikin gaggawa da ɓacin rai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar buɗe asusu an bar ni na wuce matakin kalmomin ceto, masu dawo da tsohon mabuɗi, kamar wani ƙarin ado ne, alhali shi ne ginshiƙin gidan.

Manyan hanyoyin fita uku ne. Ko ka tuno tsohuwar kalmar daga baya, ka shiga saitunan mabuɗai ka farfaɗo da tsohon mabuɗin da ita. Ko kana da kalmomin ceto, jerin kalmomi da manhajar ke ba ka sau ɗaya, a Proton, ɗaya daga cikin kamfanonin nan, guda 12 ne. Ko kana da fayil ɗin ceto da ka sauke tun kafin abin ya faru. In babu ko ɗaya, ma'aikatan kamfanin ba su da abin da za su yi maka komai yawan wasiƙun da ka rubuta. Ni tsohuwar kalmar ce ta cece ni, a jikin wata takarda, bayan kwana huɗu. Saboda haka duk mai niyyar ƙaura, kafin ya kwaso saƙo ko ɗaya, ya rubuta kalmomin ceton da biro a takarda biyu ya ajiye a wurare dabam-dabam, ya sauke fayil ɗin ceton a filashi, kada ya saka shi cikin ma'ajiyar kamfanin da yake son cetowa. Mai amfani da manhajar ajiye kalmomin sirri kuma ya duba kada ya ɗaure kansa: kalmar imel tana cikin manhajar, shiga manhajar kuma sai da lambar da ake turowa imel ɗin.

Da zuciya ta yi sanyi, dole na yarda cewa kwana huɗun nan su ne hujja mafi ƙarfi da na gani cewa alkawarin gaskiya ne. Wanda zai iya mayar maka da saƙonninka bayan ka manta kalmar sirri, to da ma yana iya karanta su. Na so in mayar musu da makinsu.

Sai matsalar bincike a cikin saƙonni ta tsaya a gaba. Tunda sabar ba ta iya karanta cikin saƙo, ba ta iya nemo maka kalma a ciki. Dole burauza ta sauke saƙonnin, ta buɗe su, ta gina jadawalin bincike a kan kwamfutarka, kuma kowace na'ura da nata. Akwati mai dubban saƙonni yakan ci lokaci mai tsawo kafin ya gama. Ga abin haushin: in ka saita burauza ta riƙa goge bayanan shafuka duk lokacin da ka rufe ta, wanda duk mai kishin sirri yake yi, jadawalin ma ya tafi, gobe a sake daga farko. Maganinsa shi ne ka saka adireshin imel ɗin cikin shafukan da aka keɓe daga gogewa, amma sai da na gano wannan da kaina.

Kada kuma a ɗauka kullen ya rufe komai. Saƙon da ka aika wa mai Gmail ya fita daga kulle, kwafinsa na zaune a can, sai dai in ka saka masa kalmar sirri ya buɗe ta mahaɗa, kuma mutane kaɗan ne ke da wannan haƙurin. Proton, da ke Siwizalan tun 2014, yana aiki da tsarin kulle saƙo na PGP, wanda ba ya kulle kan saƙo, wato layin take. Tuta na Jamus, wanda ake kira Tutanota har zuwa 2023, yana kulle har kan saƙon, amma ba ya aiki da IMAP, hanyar da sauran manhajojin imel ke shiga akwati, don haka sai manhajarsa. Proton yana shiga manhajar karanta imel ta Thunderbird ta hanyar manhajar Bridge, a kwamfuta kaɗai kuma ga mai biya. Doka ma tana hawa kansu: a 2021 umarnin hukumomin Siwizalan ya sa Proton ya miƙa adireshin IP, wato lambar da ke nuna inda mutum ya hau intanet, na wani ɗan fafutuka a Faransa. Cikin saƙonnin bai fita ba, amma sawun mai asusun ya fita.

Kalanda ita ce ta fi ba ni takaici a kullum. Fitar da ita a fayil ɗin ics da shigar da ita aikin 'yan mintuna ne, sai dai a bi tarukan da ke maimaituwa ɗaya bayan ɗaya a duba sa'o'insu. Matsalar ita ce kalanda mai kulle ba ta magana da CalDAV, tsarin da manhajojin kalanda ke haɗuwa da shi, don haka kalandar da ta zo da waya ba ta ganin ta. Wanda aikinsa ya rataya a kan haɗa kalanda da abokan aiki gara ya dubi irin su Mailbox.org ko Fastmail, masu CalDAV, ya san kuma ya sayar da wani ɓangare na kullen.

Wajen fayiloli, da na sani da ban kwashe su ba. Cryptomator, manhajar kulle fayiloli, yana ƙera taska a cikin duk ma'ajiyar intanet da kake da ita, ya kulle fayil da sunansa kafin su bar kwamfutarka, kuma mabuɗinsa dabam yake da na imel, don haka tuntuɓe ɗaya ba ya zubar da kaya biyu. Mai saukewa ta Google Takeout, shafin kwashe bayanai daga Google, ya lura, hotuna suna zuwa da ƙananan fayilolin json a gefensu, in ka watsar da su wasu hotunan za su rasa kwanan watansu.

Burauza ce kaɗai ba ni da ƙorafi a kanta. Firefox, kariyar bin sawu a mataki mai tsauri, uBlock Origin mai tare talla, shi ke nan. Cikakken uBlock Origin ya daina aiki a Chrome saboda sauyin Manifest V3, sabuwar ƙa'idar ƙarin manhajojin burauza, a Firefox kuwa yana nan, har a wayar Android. Tara ƙarin manhajoji goma a kai ba ya ƙara kariya, sai dai ya sa burauzarka ta fita dabam a gane ta. Shafin da ya ƙi buɗuwa ina kai shi burauzar Brave.

Zan sabunta biyan kuɗina, amma ba don na huce ba. Na sayi domen na kaina, wato sunan da ke bayan alamar @, na saita MX, SPF, DKIM da DMARC, saitunan da ke haɗa shi da imel, don ranar da na gaji in ɗauke adireshina in tafi ba tare da na sanar da kowa sabon suna ba. Tsohon akwatin ma ban rufe shi ba, yana turo mini abin da ya ɓace hanya, kuma ina leƙa shi lokaci-lokaci, domin Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Duk ƙarshen wata kuma ina fitar da kwafin saƙonnina zuwa faifan waje.