Kamado ko gangar ƙarfe: wacce za a saya don bandar nama?

Alhaji, ka tambaye ni wacce za ka saya don bandar nama. Tsakanin kamado, wato murhun yumɓu mai murfi da ake gashi da banda a ciki, da gangar ƙarfen da masu walda na kasuwar Katako ke yankawa biyu su sa mata ƙafa, ni dai kamado nake da ita a gida nan Yamai, kuma ita zan ce ka saya.

Banda da wuta kaɗan ba gashin tsire ba ne. Ana son zafi ya tsaya tsakanin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Celsius na awa da awanni, nama ya nuna a hankali yana shan hayaƙi. A nan yumɓu ya fi ƙarfe nesa ba kusa ba. Jikin kamado kauri gare shi, in ya ɗauki zafi ba ya saki, kuma murfin na rufuwa ruf, iska ba ta shiga sai ta ƙofar ƙasa, ta fita ta ƴar kafar sama. Da waɗannan biyun kaɗai ake tuƙa wutar. Asalin kamado daga Japan ne, tukunyar dafa shinkafa, kafin kamfanin Big Green Egg na Atlanta a Amurka ya fara sayar da irinta a 1974.

Bayan Babbar Sallah na sa kafaɗar rago bayan isha'i, na daidaita ƙofofin, na je na kwanta. Da na taso sallar asuba allurar awon zafi tana nan inda na bar ta, ga sauran gawayi bai cinye ba. Surukata, wadda ta daɗe da sallama naman layya saboda haƙori, da yatsa ta riƙa ɓare shi, har ta ce a ajiye mata na dare.

Ganga kuwa tana gasa balangu da kaji lafiya lau, ga araha. Amma in hunturu ya buso zafinta tafiya yake yi, sai ka kwana kana ƙara gawayi.

In ka kawo kamado gida, ka nemi gawayi manya-manya, na kirya in ka samu. Kada kananzir ko fetur ya kusance ta, yumɓu na shan wari ya mayar wa nama. Ka kunna wuri ɗaya tak a tsakiya, ka cusa guntayen busasshen icen mangwaro ko goba, ka ɗora faifan yumɓun da ke tare wuta daga nama. Ka fara rage ƙofofi tun zafi bai kai inda kake so ba, don in ya zarce, saukowarsa aiki ce. Farin hayaƙi mai kauri ɗaci yake sa wa. Jira ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi sannan ka sa nama. Wajen digiri 70 zafin cikin naman zai tsaya cik na tsawon lokaci, ruwansa ne ke fita, kada ka ƙara wuta. Sai ya kai 90 zuwa 95 yake yin laushi. In kuma wutar ta yi ƙarfi kana son buɗe murfin, ɗaga shi kaɗan iska ta shiga tukuna, in ba haka ba harshen wuta ya lashe maka gemu.

Sai maganar masu sayarwa. Akwai masu sa hoto a Facebook su ce a turo kuɗi kaya na hanya daga Kwatano. Kada ka biya abin da ba ka taɓa da hannunka ba. Wasu kuma kwaikwayo suke kawowa da sunan babban kamfani manne a jiki, ko wadda ta tsage a mota an shafe ta da fenti. Ƙwanƙwasa ta kamar yadda mata ke gwada tukunya a kasuwa, mai tsaga ba ta amo. Ka tabbata faifan tare wutar na ciki, don wasu cire shi suke su sayar daban.

Ɗauki matsakaiciya mai faɗin santimita 46, ta ishi gida. Nauyinta ya haura kilo 70, saboda haka ka zaɓi inda za ta zauna tun kafin a sauke ta daga mota.