Wasan ɗan mai goro da na kalla a Agege

Ranar Asabar da ta wuce 'yata ta hau jirgin ƙasan nan na cikin Legas da ake kira Red Line, wato jan layi, daga Yaba ta sauka Agege, ta iske ni a rumfa ina yayyafa wa goro ruwa. Ta ce, "Baba, yau ka rufe da wuri, na saya mana tikiti." Wasan kwaikwayo ne wasu samarin unguwarmu suka shirya, yawancinsu ɗalibai, a wani zauren biki da ba shi da nisa da gadar Pen Cinema. A nan Agege aka haife ni, tun lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977, nake jin labarin babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, amma ban taɓa zama na kalli wasa a kan dandamali ba sai ranar.

Tikiti naira 2,000 ne. An rubuta ƙarfe huɗu, ba a fara ba sai biyar da kwata, shi ya sa Magariba ta riske mu ana tsaka da wasa. A nan na yaba musu: suka dakata, ga tabarmi an shimfiɗa a waje, ga butoci cike da ruwa. Mata gefe, maza gefe, amma an ware layuka biyu a baya don iyali, can muka zauna ni da ita. Abin da ya ɓata min rai janareta ne da aka ajiye dab da tagar dama, ga lasifika ɗaya tana ta kuka, har wasu maganganun wadda ta fito a uwar gida suka wuce ni. Kunun ayar da ake sayarwa a bakin ƙofa kuwa da sanyinsa, ba a cika masa sukari ba.

Labarin wani Alhaji ne mai goro da ɗansa Sani, wanda ya gama karatun akanta a jami'a ya dawo rumfa yana jiran kiran bautar ƙasa. Da na ji haka na ɗauka za a fito da irin ɗan bokon da aka saba yi wa dariya, mai ɗaure wuya da laktaya yana zuba Turanci. Sai ga yaro da kaftani, yana durƙusawa ya gai da manya, yana bin jam'i, Hausarsa tas, in mai gidan hayarsu ta zo ya juya harshe zuwa Yarbanci kamar kowane ɗan Agege.

Wajen da wasan ya kama ni shi ne da wani tsohon abokin cinikin Alhaji ya zo ɗaukar huhu uku zai kai Kano, kuɗi sai ya dawo. An ɗaure kaya, an gama sallama. Sani ya jawo littafi da biro, cikin ladabi ya ce, "Kawu, ɗan sa mana hannu a nan." Zauren ya yi tsit. Tsohon ya dubi littafin, ya dubi Alhaji, ya gyara babbar rigarsa, ya fita ya bar huhunan a ƙasa. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki farin goro ya ɓara, ya ba yaron shago ɓari, ya jefa ɗayan a bakinsa, bai miƙa wa ɗansa komai ba. Wanda ya fito a Alhajin nan bai wuce shekara ashirin da biyar ba, amma wallahi ya san yadda dattijo yake fushi.

Wanda ba ya cikin sana'ar ba zai gane nauyin wannan ba. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, goron Agege da Shagamu da ƙasar Ijebu yake tafiya Arewa a kan amana. Baƙo ya sauka gidanka, ka ciyar da shi, ka tsaya masa a gaban masu kaya, ya tafi da huhu ba takarda ba sheda sai Allah. Ka ce wa irin wannan mutum ya sa hannu, kamar ka ce masa ɓarawo ne a bainar jama'a. Amma kuma ni da kaina wani ya taɓa tafiya da huhu biyar nawa, shekara goma sha ɗaya ke nan ban sake sa shi a ido ba, sai da na sayar da filina kafin na miƙe. Saboda haka na kasa cewa Sani ya yi laifi. Makaranta ta koya masa abin da ba a rubuta ba bai tabbata ba, ubansa kuma ya tashi a kan cewa maganar mutum ita ce mutum. Ga su uba da ɗa, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, amma kowa da abin da yake kira gaskiya.

An sa ni firamare lokacin UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, a 1976, aka cire ni a aji huɗu aka kawo ni rumfa. Ni na nace sai 'yata ta yi karatu, yanzu tana aji uku a Jami'ar Legas da ke Akoka, ita ma akanta take karantawa. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa a wannan fitowar, ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Ƙarshen wasan ne bai gamsar da ni ba. Sani ya je har gidan tsohon, ya yaga littafin, ya nemi gafara, jama'a suka yi ta tafi. Neman gafarar babba daidai ne. Yaga littafin ne ban yarda da shi ba, don karatun shekara huɗu ba a takardar yake ba, gobe in wani ya zo ɗaukar bashi zuciyar yaron za ta sake neman biro. Na so a bar mu da su biyun a rumfa suna neman yadda za su zauna. Haka kuma uwar Sani, wadda a kowane gida ita ke tsakanin uba da ɗa, ba a ba ta komai ba sai kawo abinci da ban haƙuri. Barkwancin kwandastan danfo, motar hayar nan ta Legas, da aka cusa a tsakiya ya yi tsawo, da an rage shi an ba ta lokacin.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba. Sun ce za su maimaita. Wanda zai je ya zauna ta hagu, nesa da janareta, kuma in yana da ɗa ko 'ya a makaranta ya tafi da su.

Da Litinin kafin ta koma Akoka, 'yata ta ce, "Baba, kawo sunayen waɗanda kake bi bashi in sa maka a waya." Na karanto mata mutum tara da abin da ke kan kowa. Akwai biyu da suka yi ciniki da mahaifina tun ina yaro, su ban faɗi sunansu ba. Ta san da su, ta rufe wayar ba ta tambaya ba.